Daga Gindin Baure Zuwa Dutsen Wanki

Ranar wata Laraba, kwana huɗu bayan ƙaramar sallah, a shekarar da na cika tara, Kawu Ado ya sauko da ni daga bayan jaki a bakin kogin Gwaram, ya tsayar da ni kan jiƙaƙƙen yashi kamar wanda ya kafa turke, ya kaɗa jakunansa uku ya yi gaba. Hantsi bai gama fitowa ba. Ruwan kogin ya janye ya koma tsakiya, siriri, yana tafiya a hankali, ga farin yashi shimfiɗe hagu da dama har inda ido ya tsaya. Ta bayana gari ne, ina jin dakan mata da ƙarar injin niƙa. Can gaba masu wanki sun baza zannuwa suna buga kaya a kan dutse. Ni kuwa ina tsaye da ƙafa ɗaya, na ɗage ta hagu sama kamar zalɓe, ina kuka ina kiran Inna, alhali Inna tana can Birnin Kudu. Wata biyar ke nan rabon tafin ƙafar nan da taɓa ƙasa. Kawu ko waiwaye bai yi ba. Abin da ya ce kawai, yana tafiyarsa, shi ne, "In ka gaji da tsayuwa ka taho. In ka faɗi yashi ne, ba ya cizo."

Bari in faɗi yadda aka yi na kai ga wannan tsayuwar. Da kaka ne, ana zuba dawa a rumbu a gidanmu na Birnin Kudu, Baba yana sama, yayyena suna miƙa masa dammuna. Ba wanda ya aike ni. Ni dai na ga abokina Sani ya leƙo, na so in nuna masa ni ma namiji ne, na ɗauki dami na hau tsani. Ban kai rabi ba sai ga ni a ƙasa, ƙaurina na hagu ya karye, har yanzu ina iya tuna ƙarar. Ga asibiti a garinmu, amma a zamanin mutanenmu sun sa a ransu duk wanda ya shiga can da karaya yanke ƙafar za a yi, wanda kuma ba gaskiya ba ne. Sai aka hau keke aka ɗauko maɗori daga wani ƙauye ta wajen Sundimina, wani dogon tsoho mai suna Malam Buba. Ya ja ƙafar har na suma, ya jera karare ya ɗaure. Sannan ya sa aka kamo wata jar kazar Inna, ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗora ta, ya ce tare za mu warke. Ya zo sau uku yana dubawa. A zuwan ƙarshe ya kwance kararen, ya shafa mai, ya ce ƙashi ya kama, amma yana fita ya juyo ya ce wa Baba, "Kada ya taka sai na dawo na ce ya taka." Mako bai zagayo ba ya rataya jakarsa ya tafi cin rani kudu, ba wanda ya san garin da ya nufa.

To, gidanmu gidan bin magana ne. Maɗori ya ce kada in taka, ba zan taka ba, ko da sama da ƙasa za su haɗe. Aka shimfiɗa min tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, nan na zama ɗan gida na dindindin. Da safe Inna ta cicciɓe ni ta fito da ni, rana ta juya ta ja tabarmar zuwa inuwa, in zan kewaya ta goya ni, ƙaton yaro ɗan shekara tara, ƙafafuna suna jan ƙasa tana tattare su. Kiwon awaki ya koma hannun ƙanena, ɗiban ruwa ya koma hannun yayata. Ni aka bar min ɓarar gyaɗa, tsintar wake, da korar kaji daga shanya da wani dogon kara. Cikin kajin da nake kora har da jar kazar nan. Ta yi ɗingishi kwana goma, ta miƙe, ta yi tono, ta yi ƙwai a bayan murhu, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki, tana wucewa ta gabana da su a jere, ni ina zaune. Na nuna wa Inna, ta ce kaza daban, mutum daban, mu jira Malam Buba. Ta bayan katanga ina jin yara suna langa da ƙwallon tsumma. Da safe ina jin an buga ƙarfen makarantarmu, wani tsohon ƙarfen taya da aka rataya a bishiyar maina, in tuna yanzu ana shara, yanzu an yi layi, yanzu Malam yana duba farce. Sani yakan biyo da yamma ya ba ni labari, har ranar da ya ce an ba wani yaro wurin zamana a benci. Daga nan ya rage zuwa, ni ma na daina tambaya.

Ƙafar kuwa kullum sai ƙara ƙanƙancewa take yi. Ta rame ta zama kamar muciya, gwiwar ta ƙi miƙewa sosai. Na ji da kunnena wata mai tallar daddawa tana yi wa wata kwatance, ta ce gidan da gurgun yaron nan yake. Na ji Baba a zaure yana magana da kafinta a kan sanduna biyu na dogarawa, yana kuma cewa in an yi sallah zai kai ni wurin wani mai ɗinkin hula in koyi sana'ar zaune. Ba mugunta ba ce. So ne, amma irin son da yake kashe mutum yana kallo.

Ana haka Kawu Ado ya zo gaishe da Inna da sallah. Wan Inna ne, gajere, baƙi, mai faɗin kafaɗa, sana'arsa ɗiban yashi da jakuna daga kogi yana kai wa magina a cikin Gwaram. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, bakinsa kuma ba linzami. Ya tsuguna ya kama ƙafar ya mammatsa tun daga idon sawu har gwiwa, yadda na sha ganin yana yi wa jaki daga baya, ya ɗago ya ce ƙashin nan ya fi na Baba ƙwari, me nake yi a zaune? Baba ya ce maɗori ne ya ce a jira shi. Kawu ya ce, "In maɗorin ya mutu a can fa, Malam Idi? Sai yaro ya zauna har a busa ƙaho?" Aka yi ta yi, Inna tana kuka, Baba yana cewa ba a saɓa maganar mai magani. Ƙarshe Kawu ya ce a ba shi ni in yi masa kwana biyu in sha iska, ba zai sa ni taka ƙasa ba. Ashe a wurinsa yashi ba ƙasa ba ne. Da safe kafin mu tafi tasha na ga ya fita shi kaɗai, yana tafiya yana motsa baki kamar mai lazimi, ya nufi hanyar makaranta ya dawo. Ban gane abin da yake yi ba sai daga baya.

Ranar farkon nan a bakin kogi ban taka ba. Na tsaya har ƙafar dama ta fara rawa, na zube, na ja gindi na koma inuwar wani baure da ke bakin gaɓa. Kawu ya yi sawu uku zuwa gari ya dawo. Da rana ta yi tsaka ya zo da shebur, ya tona rami, ya binne min ƙafar hagu har cinya cikin yashi mai ɗumi, ya miƙo min ƙullin ƙuli-ƙuli, ya zauna. Nan ya yi min karatun da har yau ban mance ba. Ya ce yashi iri uku ne. Akwai busasshe na sama, mai laushi, shi magina ke so, amma yana cinye ƙarfin mai tafiya, lafiyayye ma haki yake yi a kansa. Akwai na cikin ruwa, mai santsi da yaudara. Sannan akwai na tsakani, wanda ruwa ya lasa ya janye, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, yana biye da bakin ruwa. Wannan ba ya nutsewa, ba ya da tauri, yana karɓar ƙafa ya mayar maka da ita. Ya nuna min baƙin jakinsa, Duna, ya ce shekara biyu da suka wuce ya gurɗe har mahauta sun zo taya shi, a kan wannan yashin ya yi ta jan sa safe da yamma har ya miƙe. "Jaki ma ya yi," in ji shi, "kai da ka yi aji uku?"

Sannan ya nuna min iyakar aikina. Daga gindin bauren nan zuwa babban dutsen da masu wanki ke buga kaya, ya ce ya auna da ƙafarsa, daidai yake da daga ƙofar gidanmu zuwa ƙofar makaranta. Abin da ya fita yi ke nan da safen nan. Ranar da na je dutsen da ƙafata, ba jaki ba sanda, zai mayar da ni gida. In kuma damina ta riga ni, kogi zai cika ya karɓe yashinsa, shi kuma ba shi da wani wurin, sai in koma in karɓi sandunan kafinta.

Washegari na taka. Na riƙe akumarin Duna da hannu biyu, na sauke tafin ƙafar a hankali ina jiran in ji ƙashi ya sake fashewa. Abin da na ji sanyi ne, da wani irin ƙaiƙayi da ya taso tun daga diddige har tsakar kaina. Na ɗaga na ga sawuna, ɗan ƙarami, karkatacce, ruwa yana taruwa a ciki. Taku bakwai na yi ranar. Kawu ya karyo kara ya kafa a inda na tsaya, ya ce gobe in wuce shi.

Haka muka yi ta yi, kara yana matsawa gaba. Duna jaki ne mai haƙuri, ko kuma malalaci, domin tafiyata ta yi masa daidai. Na san kogin nan kamar tsakar gidanmu. Da sassafe 'yan mata suna zuwa da ƙwarya su tona yashi, su jira ruwa ya tsatso garau, su kwasa su cika tulu. Da hantsi Fulani su ratso da shanu, in tsaya riƙe da jaki har su wuce. Masu lambu a gaɓa sukan jefo min karas ko tumatir, wani ya ce in zo in karɓa da kaina in na isa. Ina tsintar makankari, ɓawon nan na bakin ruwa, ina tarawa a aljihu, ina kallon ƙananan kifaye suna watsewa daga inuwata. Akwai wani mai wanki, Tanko, mai ƙatuwar murya, da ya hango ni zai ɗaga kai ya ce, "Ado, wannan jakin naka na huɗu nawa ka saye shi? Ko mangala ba ya ɗauka, sai ci!" Kowa ya yi dariya. Da farko kuka nake yi, daga baya na fara ramawa, na ce masa shi da ke wanke wandunan mutane har yaushe ya samu bakin magana. Kawu ya ce ai tunda baki ya warke, ƙafa ma tana hanya.

Sau ɗaya na ɓata aikin da hannuna. Na ga kara ya wuce rabi, kaina ya kumbura, na faki idon Kawu na saki jaki na yanke ta busasshen yashi don in riga shi zuwa baure. Ƙafar ta nutse, gwiwa ta murɗe, kafin yamma ta kumbura kamar gora. Matar Kawu ta gasa min da ruwan zafi tana faɗa, ta ce a mayar wa mutane ɗansu kafin a jawo abin kunya. Kwana uku ina kwance, na ce a raina shi ke nan, Baba ya yi gaskiya. A na huɗu Kawu ya ɗora ni a jaki, muka je, ya tuge karan ya dawo da shi baya can kusa da baure, ya ce mu sake. Ranar na tsane shi, na zage shi a cikina zagin da ba zan rubuta ba.

Kwanaki suka ja, zafi ya tsananta, gabas ta fara haɗa hadari da yamma yana watsewa. Rannan muka iso da safe muka tarar ruwan ya canza, ya yi ja, yana ɗauke da ganye da karmami, alamar an yi ruwa can sama. Yashin tsakanin nan ya rage faɗi, bai fi tabarma ɗaya ba. Kawu ya dubi ruwan, ya dubi sama, ya kama Duna ya ɗaure a jikin baure. Ya ce yau jaki hutu yake yi. Bai tsaya a bayana ba, bai riƙe ni ba, sai ya jera da ni ta ɓangaren ruwa, hannuwansa a baya, ya kama ba ni labarin yadda Inna tana yarinya ta taɓa satar mangwaro mai gona ya biyo ta har cikin kogin nan, ta ɓuya a bayan saniya. Ban taɓa jin an ce Inna ta yi rashin ji ba. Na yi ta dariya ina tambaya, iska mai ƙanshin ruwa tana kaɗa min riga, yashi yana karɓar ƙafata yana mayar min. Ban ga lokacin da muka wuce kara ba. Ban san muna ina ba sai da na ji an watso min ruwan sabulu a fuska, na ɗaga kai na ga Tanko tsaye a kan dutsensa ya buɗe baki. Ya ce, "La ilaha illallahu! Ado, jakin naka ya zama mutum!" Na dafa dutsen, yana da sanyi da santsi. Tafiyar da na yi wata biyu ina jin tsoro, ashe tafiya ce mai sauƙi. Kawu bai rungume ni ba, ba halinsa ba ne. Ya juya baya ya fyace hanci, ya ce, "Gobe sai gida. Tuwon da ka ci min ya isa." Bayan kwana biyu aka yi ruwan farko, na ji labari kogi ya shafe wurin gaba ɗaya.

Daga tasha da ƙafata na shiga gida. Inna tana tankaɗe, ta saki rariya, gari ya watse, ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka. Baba ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya shiga zaure ya fito da sandunan da kafinta ya riga ya yi, ya ba Inna ya ce ta sa a murhu. Ranar Litinin na ɗauki tsintsiyata na tafi makaranta, na ture yaron da ya gaje min benci, aka yi mana bulala mu biyu, ban taɓa jin daɗin bulala irin na ranar ba. Malam Buba kuwa sai da aka yi noman farko ya dawo. Ya zo wucewa ya gan ni ina buga ƙwallo a ƙofar gida, ya yi ta yabon aikinsa. Da Baba ya ba shi labarin jiran da aka yi, sai ya dafe baki ya ce, "Au, ban ce ya taka ba?" Ya mance. Wata biyar na rayuwata, mutumin nan mancewa ya yi.

Ba zan yi ƙarya in ce makarantar ta kai ni wani wuri ba. Aji biyu na yi a sakandare abubuwa suka tsaya. Yau faci nake yi a bakin titi a Birnin Kudu, waɗanda nake ba amsa a aji suna wucewa a mota, su zuge gilashi su nuna min taya ba ko sannu. Abin da ya fi ci min rai, yawancin tayoyin da nake liƙewa na tifofin yashi ne, waɗanda suka kori jakuna daga kogi. Amma a tsaye nake aikin nan, da ƙafa biyu, da su na yi noma, na yi aure, nake ciyar da yara biyar.

Bara da rani na je Gwaram na tarar da Kawu a kan tabarma a ƙofar gida. Ya tsufa, gwiwoyi sun riƙe, 'ya'yansa sun saya masa kujera da rediyo, da ya yunƙura sai su ce, "Zauna, Baba, me kake so a kawo maka?" Na ga irin son nan na gidanmu, na gane shi tun daga nesa. Ban yi shawara da kowa ba, na tsayar da mai babur, na ɗora shi a tsakiya muka nufi kogi. An sare bauren. Tifofi sun haƙe wurin sun bar ramuka, leda ko'ina, masu wanki saura biyu, ba wanda ya san Tanko. Amma dutsen yana nan, kuma a bakin ruwa, inda shebur bai kai ba, akwai ɗan siririn yashin nan da ruwa ya lasa ya janye. Na tsayar da shi a kai, ya dafa kafaɗata yadda da nake dafa akumari. Muka yi taku ashirin ko ƙasa da haka, a hankali, yana haki. Da na sunkuya zan kafa kara sai ya dubi sawuna a baya ya ce, "Har yanzu kana jan ta hagun nan. Ɗaga ta, don ubanka." Yanzu duk Juma'a biyu nake zuwa, jikansa kuma yana kai shi sauran kwanakin, karan yana matsawa kaɗan-kaɗan. Ban san ko za mu kai dutsen ba. Da can kogin ya fi haka faɗi, mutanen ma haka. Amma wanda ya rage ya ishe mu takawa.